Ƙaramar Tukunyar Toka

Baba bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba sai bayan rasuwar Inna. Ba sharri nake masa ba, shi da kansa yake faɗa, har da ɗan alfahari. Kicin ɗin gidanmu siriri ne, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya manne da firij, shi kuwa iyakarsa bakin ƙofa. Nan yake tsayawa da jarida a hammata, ya shaƙi ƙamshi, ya ce gishiri ya yi kaɗan tun ba a zuba gishirin ba. Inna ta ce, "To, Malam, shigo ka gyara mana." Sai ya yi dariya ya koma falo.

Aikinsa har ya yi ritaya a sashen gwaji ne na wani kamfanin abincin gwangwani. A buɗe gwangwani a gabansa, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana. In bai yarda ba, mota ba ta fita da kaya. Tun muna yara ni da ƙanena Auta muka haddace dokarsa: abin da ba zai sa a bakinsa ba, ba zai bari wani ya sa a nasa ba. Alawar bakin makaranta ma sai ya gutsura kafin mu sha, kuma gutsurar Baba rabi ce.

Inna ta tafi ta bar masa abu biyu da bai san yadda zai yi da su ba: gidan da ya yi tsit, da kyanwarta. Toka muke ce mata saboda launinta. Ta zo gidan ne bayan ni da Auta mun watse kowa ya kama gabansa, Inna ta tsinto ta a ƙarƙashin matattakala tana 'yar mitsitsiya, ta raine ta har ta tsufa. Baba bai taɓa shafa ta ba. Malalaciya yake ce mata, wai ko kyankyaso ba ta taɓa kamawa ba, ci da barci kamar babban ma'aikaci.

Da aka gama zaman gaisuwa mutane suka tafi, sai Baba ya daina cin abinci. Bai yi kuka ba, ko sau ɗaya ban ga hawayensa ba, cin ne kawai ya daina. Ina tashi daga shagon tabarau inda nake aiki, in hau mota in sauka in sake hawa wata, in kai masa abinci da zafinsa. Ya ce, "Ajiye, Uwata, sai anjima." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Washegari in buɗe firij in tarar da kwanon yadda na kawo shi, mai ya daskare a sama. Ranar da na ga ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa, a kan matattakala na zauna na yi kukana na share kafin na sauka. Na rasa uwa, kuma ina kallon uban yana bin ta a hankali. Wannan shi ne tsorona, ba ni da wani.

Abu ɗaya yake tashi ya yi da kansa, shi ne buɗe wa Toka gwangwaninta. Tun da ciwon Inna ya yi tsanani Auta ya sa ake kawo mata abincin kyanwa na kanti, kwali-kwali. Baba ya buɗe, ya juye mata a kwano, ya koma kujerarsa. Ita kuma ta ci, ta je ta kwanta a bakin ƙofar ɗakin Inna.

Auta kuwa, Allah ya shirye shi, duk abin da ya shigo wayarsa sai ya tura. Yana can nesa, ba ya iya zuwa, to da tura saƙo yake nuna kulawa. Wata safiya ya tura wa Baba hoton kyanwoyi a kwance da dogon bayani, wai an samu guba a wani abincin gwangwani na dabbobi, an janye shi daga kantuna. Ba a faɗi gari ba, ba a faɗi shekara ba. Na kira shi na ce, "Kai Auta, tsohon da bai ci abinci ba za ka tura wa gawar kyanwa?"

Ya ce, "Yaya, rigakafi ya fi magani."

"Bakinka ma yana bukatar rigakafi."

Da yamma na tarar da Baba a teburin cin abinci, ya jera gwangwanayen Toka kamar masu jiran hukunci, yana ta matse ido a kan ƙananan rubutun. Rabona da in gan shi ya miƙe baya haka tun Inna na da rai. Ya ce tabaraunsa ba ya kama rubutun. Na yanka masa sabo a shago washegari, na kawo, ya ɗora a hanci ya shiga karatu.

"Uwata, saurara. Wai nama da dangoginsa. Su wane ne dangin nama? Ƙofato? Gashi? Ni na yi aikin nan. In ka ji an ce da dangoginsa, to an share ƙasa ne an zuba."

Na ce, "Baba, ai ba irin wannan ba ne aka ce an janye."

"Kin ɗanɗana?"

"Abincin kyanwa zan ɗanɗana?"

"To ni ma ba zan iya sa shi a bakina ba. Kin ga magana ta ƙare."

Ya tattara su a leda ya sauka da su da kansa ya zuba a bola. Da ya hawo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofar kicin inda ya saba tsayawa, ya daɗe. Sannan ya ɗaga ƙafa ya shiga. Ya ce in nuna masa inda ake kunna gas.

Girkinsa na farko kaza ce zalla a ruwa, ba gishiri ba komai. Ya ɗebo da cokali ya kurɓa, bisa dokarsa, ya yamutsa fuska ya ce wannan ai ruwan wanki ne. Toka ma da ta saba da ƙamshin gwangwani ta shinshina ta juya masa baya. Ya bi ta da kwano daga falo zuwa baranda yana lallashi, mutumin da bai taɓa lallashin mu ba. Ta haye saman kabad ta ƙyale shi.

Kwana biyu ban samu zuwa ba saboda aiki. Da na zo, tun daga hawa na farko na ji ƙamshin da ya tsayar da ni. Albasa ce ke soyuwa da tafarnuwa, daidai yadda gidan yake yi a da idan mun dawo daga makaranta. Na tura ƙofa ina jin kamar zan ga Inna da zaninta na girki. Baba ne a tsaye da tawul a kafaɗa, Toka na zaune a ƙafarsa ta ɗaga kai.

"Na gano sirrin," ya ce. "Shekara da shekaru ina tsaye a ƙofar nan ina gani. Da Innarku ta jefa albasa a mai, malalaciyar nan za ta taso daga duk inda take ta zauna a ƙafarta. Albasa take so. Dubi yadda ta zauna."

Ya soya albasar ta yi ja, ya zuba kazar, ya tsayar da ruwa, ya bar ta ta yi laushi har tana rabuwa da ƙashi. Ya tsince ƙasusuwan tas da yatsunsa, don ya ji an ce ƙashin kaza na maƙale musu. Ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. Ya zuba mata tsoka da romo a kan 'yar shinkafa, ya fifita da murfi har ya huce. Ta ci, ta lashe kwanon. Shi kuma, yana tsaye yana kallon ta, ya kai cokali bakinsa, ya sake kaiwa, ya sake. Na kau da ido don kada ya farga. Na ɗauko faranti na tura gabansa kawai, ya zuba ya zauna ya cinye.

Ranar a mota ina ta murmushi ni kaɗai har matar da ke gefena ta matsa.

Daga nan gidan ya farfaɗo. Baba ya koma fita da safe da jakar cefane. Ya san mai kajin da zai yanka a gabansa, ya saba da mai kayan miya har mutumin ya gaji da shi, don sai ya latsa kowace albasa ya shinshina gindinta. Ruwan famfo bai yarda da shi ba sai ya tafasa. Ya sayi allon yanka biyu, wuƙa ya wasa ta kamar zai yi aski. Tukunya ɗaya suke ci shi da Toka, rabinsa rabinta, ita a ƙasa kusa da ƙafar tebur, shi a sama yana ba ta labarin kamfani. Kumatunsa suka ciko. Ya koma ramin bel ɗinsa na da.

Akwai wata ƙaramar tukunya fara mai hannu ɗaya da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, nesa da sauran tukwane. Wata rana na ɗauko ta zan dafa ƙwai, ya ce in mayar, ta Toka ce.

"Innarku, Allah ya jiƙan ta, akwai wariya," ya ce. "A ciki take dafa mata nata daban, da cokalinta daban. In wani ya kuskura ya tsoma cokalin miya a ciki, sai ta ɗaga gidan nan da faɗa. Ƙyama ce irin ta mata. Ni kuwa na yi mata ƙarin girma, ta dawo babbar tukunya."

Muka yi dariya. Auta da na ba shi labari a waya ya ce in gode masa, saƙonsa ne ya tashi Baba. Na ce ya ci albarkacin nisa.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Toka ta daina hawa taga inda take kallon tsuntsaye. Ta koma kwanciya a kan tayil mai sanyi a banɗaki. In an kira ta sai ta ɗaga kunne ɗaya, ta bar sauran jikin a ƙasa. Baba ya ce tsufa ne da zafin gari. Da ta fara barin rabin kwanonta, ya ce ƙarfi ne ya ragu, a ƙara mata abin gina jiki. Ya ƙara tafarnuwa, don kowa ya san tafarnuwa magani ce, shi kansa ita ta riƙe masa hawan jini. Ya riƙa barin romon a wuta ya ƙafe ya yi kauri, in ta ƙi ci ya ɗaga kanta ya ɗura mata da ƙaramin cokali, yana cewa, "Daure, 'yar gidan Inna, daure."

Ni ce na ga yashin da take fitsari a ciki ya yi duhu kamar an zubar da shayi. Na ce, "Baba, mu kai ta asibitin dabbobi."

"Su ce mini me? In koma gwangwani? Ai da masu kantin bakinsu ɗaya."

"Ba ta da lafiya, Baba."

"Abin da nake ci take ci. Kin ga ni na kwanta?"

Ina da zafin zuciya, ban ɓoye ba, a wurinsa na gado. Na ce masa kyanwa ba gwangwani ba ce da zai shinshina ya sa hannu. Ya cire tabarau ya ninke ya ce, tun ba a haife ni ba yake raba mai kyau da marar kyau, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na ɗauki jakata na fita ban yi sallama ba. A ƙasa na tsaya na ji haushin kaina, amma ban koma ba.

Washegari da hantsi ina shago ina gwada wa wata tsohuwa gilashi, waya ta yi ƙara. Muryarsa ta yi ƙanƙanta har ban gane ta ba da farko.

"Uwata, ta faɗi. Ta tashi za ta sha ruwa ta faɗi."

Na bar tsohuwar da abokiyar aikina na tari tasi. Na same shi a ƙofar gida a tsaye, ya naɗe Toka a cikin gyalen Inna, ya saka takalmi ƙafa daban-daban. Muka shiga tasin. Cikinta na ɗagawa da sauri da sauri kamar ta yi gudu.

Asibitin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani, yana warin sabulun goge ƙasa da jiƙaƙƙen kare. Likitar matashiya ce, ba ta kai ni ba, da gajeren farce da murya mai sanyi. Ta shimfiɗa Toka a kan teburin ƙarfe, ta ɗaga mata leɓe da babban yatsa. Dasashin da ya kamata ya zama ja ya yi fari fat kamar takarda. Ta ja fatar ido ƙasa, nan ma haka. Ta ɗebi jini kaɗan ta shiga ciki da shi, ta dawo ta jawo wa Baba kujera.

"Baba, jininta ya ƙare sosai. Ba zuba yake ba, a ciki yake lalacewa. Me take ci?"

Nan ya ɗan miƙe. Tambayar da ya daɗe yana jira ke nan, a zo a ga aikinsa.

"Ba ta cin komai na kanti, 'yata. Da hannuna nake dafa mata. Kaza a gabana ake yankawa. Ruwa sai na tafasa. Ƙashi ba ko ɗaya. Gishiri kaɗan, don na san bai kamata ya yi yawa ba. Albasa mai kyau, ba mai tsiro ba, ina soya ta sosai ta nuna. Tafarnuwa kuma da ta fara rauni na ƙara mata."

Hannun likitar da ke shafa bayan Toka ya tsaya. Ta kalle ni, ta kalle shi.

"Kullum, Baba?"

"Safe da yamma. Abin da na ci ta ci."

Na ga tana neman hanyar da za ta bi maganar ba ta taka shi ba, kuma babu hanyar.

"Baba, jikinsu ba irin namu ba ne. Albasa da tafarnuwa abinci ne a wurinmu, amma a wurin kyanwa suna fasa ƙwayoyin jini. Ɗanye ko dafaffe, ko romon da aka dafa su a ciki, duk ɗaya ne. Kaɗan-kaɗan yake taruwa. Mutane da yawa ba su sani ba, wallahi ba kai kaɗai ba ne."

"A'a," ya ce. "A'a, 'yata. Tana so. Da an jefa albasa a mai take zuwa. Tun uwarsu na da rai."

"Wataƙila lokacin ne ake ba ta nata. Marigayiyar tana ba ta daga tukunyarku?"

Na ga abin yana isa gare shi a hankali, daga ido zuwa kafaɗa. Ya juyo ya dube ni kamar ni ce babbar.

"Ƙaramar tukunyar," ya ce. "Uwata, ba ƙyamarta take yi ba. Abincinmu take tsare ta daga gare shi."

Na kama hannunsa, ya yi sanyi, kuma har lokacin yana warin tafarnuwa.

Likitar ta ce za ta riƙe ta, ta sa mata ruwa da iska, ta nemi inda za a sami jinin da zai dace da nata. Ba ta yi mana alƙawari ba. Ta ce da yarinya ce da ta fi sa rai, amma ta tsufa, ƙodarta ma ta gaji. Baba ya roƙi a bar gyalen a ƙarƙashinta. Aka bari.

Auta ya kira ni muna hanya. Na faɗa masa a gajarce da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Yaya, don Allah ki ce masa tsufa ne. Ki ce likita ta sake dubawa."

"A gabansa aka faɗa."

"To ki ce kuskure ta yi."

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gano ƙarya a bayan gwangwani zan yi wa ƙarya?"

Sai na ji yana jan hanci. Ya ce da ma bai tura saƙon nan ba. Na ce ya bari, ba lokacin rabon laifi ba ne, kowa a cikinmu alheri ya nufa. Garin gyaran gira ne aka taɓa ido.

Ba a sami jinin ba. Washegari da la'asar likitar ta kira ta ce mu zo. Mun tarar da sauran numfashi kaɗan. Baba ya sunkuya ya sa tafinsa a kanta, ya shafa daga kunne zuwa wuya, ya ce, "Ki yafe mini, 'yar gidan Inna. Ban sani ba." Ta motsa jelarta sau ɗaya. Muna nan tsaye ta cika. Mai gadin gidanmu ya haƙa mata rami a gindin bishiyar da ke bayan gini, muka sa ta da gyalen.

Na yi baƙin cikin Toka, ba zan ce ban yi ba. Ita ce abu na ƙarshe mai ɗumi da hannun Inna ya raina. Amma tun muna rufe ramin idona na kan Baba, don na san abin da ke tafe.

Ya kuwa zo. Da na dawo washegari, ƙamshin ya ɗauke daga matattakala. Kwandon albasa da tafarnuwa na ƙofar gida a waje, an ɗaure a leda ana jiran masu shara. An wanke babbar tukunya an kife. Ƙaramar kuma ya sauko da ita daga ƙusa ya ajiye a kan teburin falo, a gabansa, yana zaune yana kallon ta ba tabarau. Abincin da na kawo ya ce in ajiye sai anjima.

Anjima ba ta zo ba, ranar da washegari da wadda ta biyo. Shayi kawai, shi ma rabin kofi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da Auta a waya, na ce zan kira likitansa. Ya ce in kira. Wata yamma da na matsa masa ya ce, "Da harshen nan na ciyar da ku. Da shi na yi suna a wurin aiki, ba a taɓa mayar da kayan da na sa wa hannu ba. Amana ɗaya matar nan ta bar mini, na ɗanɗana na ce lafiya lau, na ɗura mata da cokali tana kau da kai. Ba na sake ɗora wa wani mai rai tukunya, Uwata. Ni ma ban ga abin da zan ci ba."

Rashin sani ya fi dare duhu, na ce masa. Ya ce ya sani, amma sanin bai dawo da ita ba.

Ranar hutuna na tashi ban karya ba. Na biya wurin mai kajinsa, mutumin ya tambaye ni ina tsoho mai ciniki kamar alƙali, na ce yana nan. Na biya wurin mai kayan miya na zaɓi albasa yadda na ga Baba na yi, na latsa na shinshina. Ban dafa komai ba. Na hau da kayan ɗanye a leda na ajiye su a kan teburin kicin, na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna a bakin ƙofa, daidai inda ya yi shekaru yana tsayawa.

Ya leƙo daga falo. Bel ɗin ya koma ramin ƙusa.

"Mene ne wannan?"

"Yunwa nake ji, Baba. Tun jiya da rana rabona da abinci."

"To ki dafa mana. Ga kicin."

"Ba nawa nake so ba. Irin na Inna nake so, kuma duk duniya yanzu kai kaɗai ka iya shi. Na gwada a gidana bai fito ba."

"Na gaya miki na daina."

"Na ji. Ni ma na daina ci sai ka dafa. Mu zauna mu ga wanda zai riga wani faɗuwa. Ka san taurin kan da na gada."

Ya tsaya yana duban ledar. Ya ga kan albasa ya leƙo, ya kau da fuska kamar an nuna masa wuƙa.

"Har da wannan kika kawo mini gida?"

"Ni ba ta yi mini komai, Baba. Da ita aka raine ni."

Ya koma falo. Na ji kujerarsa ta yi ƙara. Na zauna, cikina na kuka, rana ta tashi daga kan firij ta koma kan bango. Maƙwabta suka kunna rediyo suka kashe. Har na fara tunanin na yi wauta, tsoho mai ciwon zuciya na zo ina yi wa yajin cin abinci, sai na ji jan silifas. Ya wuce ni ya shiga, na janye gwiwa. Ya rataye ƙaramar tukunyar a ƙusarta bayan ƙofa. Ya ɗauko babbar ya juyo ta, ya ɗauraye. Ya wanke hannu har gwiwar hannu kamar yadda ya saba, ya ɗauko allo da wuƙa.

Ya ɗauko albasa ta farko ya ɓare. Ya raba ta biyu, ya kifa, ya fara yankawa siriri-siriri. Can ya dubi ƙasa gefen ƙafarsa ta dama, inda ba kowa. Wuƙar ta tsaya. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ruwa na sauka ta ƙarƙashin tabarau yana ɗiga a kan allon. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Na so in rufa masa asiri. Na ce, "Albasar nan akwai yaji, Baba. Ni ma daga nan tana shiga mini ido."

Ya girgiza kai bai juyo ba.

"Ba albasa ba ce, Uwata. Innarku ce. Ita da kyanwarta."

Na tashi na tsaya a gefensa, na manne da firij don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu. Muka yi kukanmu har ya ishe mu. Sannan ya share fuska da tawul ɗin kafaɗarsa, ya ƙarasa yankan, ya kunna gas, ya zuba mai. Da romon ya nuna ya ɗebo a cokali ya hura, ya riƙe shi a gaban bakinsa ya daɗe. Ni dai ina kallon cokalin.

Ya kurɓa. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, in miƙo faranti biyu.